Tarihin Imamu Ƙaluna, Kurman da Ya Gaji Karatun Madina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ta Dawakin Tofa ya nufi Bici da Tsanyawa, in kaka ta yi an kawar da gero da dawa, da wuya ya wuce ƙauye biyu da dare bai hango wutar tsangaya ba. Ƙasa ce wadda gona ta ke manne da gona, gida yana hangen gida, kuma tun kaka da kakanni allo bai yanke a cikinta ba. Karatun da a ke yi a gindin wutar nan, daga kolo da titibiri har zuwa gardi da alaramma da gwani, ruwayar Warshu ce daga Imamu Nafi'u na Madina, ko da ya ke ruwayar Hafsu ta shigo da ƙarfi ta hanyar makarantun Islamiyya da bugun ƙasashen gabas. Kowane alaramma ya san Nafi'u yana da marawaita biyu da suka shahara, Warshu da Ƙaluna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Ƙaluna kurma ne, kurma na sosai, wanda ko an busa ƙaho kusa da shi ba ya ji. Ga shi kuwa, shi ne mutumin da Madina ta danƙa wa karatunta shekara hamsin bayan rasuwar malaminsa.

Sunansa Isa ɗan Mina ɗan Wardanu ɗan Isa ɗan Abdussamadu ɗan Umaru ɗan Abdullahi, alkunyarsa Abu Musa. Asalin gidansu daga Rum ne. Kakansa na sama, Abdullahi, yana cikin waɗanda aka kamo daga ƙasar Rum a zamanin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, aka kawo shi Madina, wani daga cikin mutanen garin ya saye shi ya 'yanta shi, zuriyarsa ta zauna a nan ta zama ta Madina. An haifi Isa a shekara ta 120 bayan Hijira, watau 738 ta Miladiyya, zamanin Hishamu ɗan Abdulmaliki na Banu Umayya. Yana ɗan shekara goma sha biyu daular ta faɗi, Abbasiyawa suka hau. Yana da ashirin da biyar aka yi yaƙin Muhammadu Nafsuz Zakiyya a Madina, shekara ta 145. Duk wannan ya wuce a kan idonsa, amma littattafan tarihi ba su ambace shi a ƙofar wani sarki ba. Inda a ke samunsa kullum shi ne masallacin Annabi, a gaban Nafi'u.

Wannan Nafi'u ba shi ne Nafi'u baran Ibnu Umar ba, wanda Imamu Maliku ya ke ruwaito hadisi daga gare shi, domin wancan ya riga ya rasu tun shekara ta 117. Wannan shi ne Nafi'u ɗan Abdurrahmani ɗan Abu Nu'aimu, asalinsa daga Isfahan. An siffanta shi da cewa baƙi ne wuluk, mai sakin fuska, mai kyawun hali, mai ɗan barkwanci. Ya yi karatu a wurin tabi'ai saba'in, cikinsu akwai Abu Ja'afar Yazidu ɗan Ƙa'aƙa'u, da Shaiba ɗan Nisahu, da Muslimu ɗan Jundubu, da Yazidu ɗan Rumanu, da Abdurrahmani ɗan Hurmuzu wanda aka fi sani da A'araju, watau gurgu. Hanyarsa ta zaɓi ita ce, abin da biyu daga cikin malamansa suka haɗu a kai ya riƙe, abin da mutum ɗaya ya kaɗaita da shi ya bari. Imamu Maliku da kansa ya karanta Alƙur'ani a wurinsa, ya kuma yi shaidar cewa karatun mutanen Madina sunna ne. Wannan shaida tana cikin dalilan da suka sa, ko'ina mazhabar Maliku ta sauka a ƙasashen yamma, karatun Nafi'u ya kan sauka tare da ita.

Isa kuwa, an ce agolan Nafi'u ne, watau a cikin gidansa ya tashi. Masu tarihi sun rubuta cewa ya yi masa karatu a shekara ta 150, zamanin Halifa Mansuru, yana da shekara talatin. Saboda kyawun karatunsa Nafi'u ya laƙaba masa Ƙaluna, kalma ce ta Rumawa mai ma'anar kyakkyawa. Malamin ya zaɓo kalmar daga harshen kakannin almajirinsa, kamar yadda malami a nan ya kan yabi almajirinsa Bafillace da kalmar Fillanci don ya faranta masa rai. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Da aka tambayi Ƙaluna sau nawa ya sauke a gaban Nafi'u, ya amsa da cewa abin ya fi ƙarfin ƙirga, sai dai ya san ya ci gaba da zama a wurinsa shekara ashirin bayan ya gama. In aka yi lissafi, daga shekara ta 150 zuwa rasuwar Nafi'u a 169 shekara goma sha tara ke nan. Ashe dai bai tashi daga majalisin ba sai da mai majalisin ya koma ga Ubangijinsa. Ya kuma faɗa cewa ya karanta ƙira'ar Nafi'u ba sau ɗaya ba, ya rubuta ta a cikin littafinsa. Wannan rubutu abin lura ne, gama a zamanin nan galibin mahaddata da ƙirji su ke dogara, shi kuwa ya haɗa ƙirji da alƙalami.

Majalisin Nafi'u ba wurin da a ke shiga da sauƙi ba ne. Labarin Warshu ya isa shaida. Usmanu ɗan Sa'idu ya taso daga Masar a shekara ta 155, ya tarar da 'ya'yan Muhajirai da Ansaru sun cika wurin, kowa yana jiran layinsa, aya talatin a ke ba mutum ya tashi. Sai da wani dattijo ya yi masa ceto, Nafi'u ya ce ya kwana a masallaci domin ya riga kowa da asuba. Da almajirai suka ji daɗin muryarsa, sai suka riƙa ba shi kyautar aya goma goma daga rabonsu, har ya yi sauka da dama cikin ɗan lokaci ya koma Masar. Warshu baƙo ne da ya zo ya ɗiba ya tafi. Ƙaluna ɗan gida ne da ya tsufa a bakin rijiyar. Makkiyu ɗan Abu Ɗalibi, wanda ya rasu a 437, ya ce su biyun sun saɓa a wuri fiye da dubu uku, kuma duk daga Nafi'u ne, domin Nafi'u ya kan bar mai karatu a kan fuskar da ya zo da ita muddin ta dace da abin da ya karɓa daga ɗaya daga cikin malamansa, sai fa wanda ya nemi zaɓinsa na kansa.

To, ga maganar kurumta. Ruwaya biyu ce ta zo a kanta. Ta farko ta ce ba ya jin ƙaho, amma in aka karanta masa Alƙur'ani yana ji. Ta biyu ta fito daga Ibnu Abi Hatimi, mai littafin Jarhu wat Ta'adili, wanda ya rasu a 327, shi kuwa ya ji daga Aliyu Alhisinjani: kurumtar Ƙaluna mai tsanani ce, ko mutum ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ba ya ji, amma ya kan kafa wa leɓɓan mai karatu ido, ya mayar masa da lahanu da kuskure. Game da lokacin da abin ya same shi, waɗansu malamai sun ce a ƙarshen rayuwarsa ne, bayan an riga an ɗauki karatu daga gare shi, waɗansu kuwa sun siffanta shi da kurumta ba tare da ƙayyade lokaci ba. In da wuri ta same shi, to da ido ya ƙwace karatu a cikin taron masu ji. In kuwa da tsufa ne, to bai naɗe buzunsa ba sa'ad da kunne ya tafi, kuma mutanen Madina ba su ce ya naɗe ba.

Masu wa'azi sun fi son ruwaya ta farko, domin karama ce, kuma Allah Mai iko ne a kan haka. Amma ta biyu ta fi amfani ga mai neman ilmi, gama ba a koyar da karama, duban leɓɓa kuwa a na koyonsa. Kuma wanda ya san tajwidi ba zai yi mamakin ta ba, domin rabin wannan fanni a kan fuskar mai karatu ya ke. Ba da mim sai an haɗe leɓɓa. Fa sai haƙoran sama sun sauka a kan leɓen ƙasa. Wawu sai an tsuke baki. Akwai haruffa uku da ba su fita daidai sai kan harshe ya taɓa gefen haƙoran sama har a gan shi, waɗanda Bahaushe ya kan mayar da su sin da zayi in bai kula ba, kuma malami mai ido zai kama wannan kuskure daga nesa ko da bai ji komai ba. Tsawon madda a na ganinsa ga daɗewar buɗewar baki. Wasulla kuwa, sunayensu na Larabci ma daga motsin baki aka samo su: fataha buɗewa, lamma tsukewa, kisira karyewa zuwa ƙasa. Abul Aswadi Addu'ali, sa'ad da zai fara sa ɗigon wasali a cikin Mushafi a Basra, umurtar magatakardansa ya yi da ya dubi bakinsa, in ya buɗe ya sa ɗigo a bisa, in ya tsuke ya sa a gaba, in ya karya ya sa a ƙasa. Watau tun ran farko, da ido aka ɗauko wasali daga baki aka kai shi takarda.

Har ma akwai hukuncin da kunne ba shi da rabo a cikinsa sam. Ishmami a wurin tsayawa shi ne mai karatu ya ɗaure harafin ƙarshe, sa'an nan ya tsuke leɓɓansa alamar rufu'a ba tare da sauti ba. Malaman tajwidi sun ce mai gani ne ya ke riskarsa, makaho ba ya riska, saɓanin raumi wanda makaho ya ke ji. A wannan babi, kurma mai ido ya fi makaho mai kunne, ko da makahon gwani ne.

Amma kada a ɗauka abin sauƙi ne. Haruffan maƙogwaro shida ba su bayyana a leɓe. Gunna a hanci ta ke. Ba da mim kamarsu ɗaya ga mai kallo. Masana na wannan zamani da suka binciki karatun leɓɓa sun ce abin da ido ya ke iya rarrabewa na sautin magana bai kai rabi ba, saura sai a cike da sani da hasashe. To, da me Ƙaluna ya cike nasa? Da abu biyu. Na ɗaya, nassin yana cikin ƙirjinsa harafi harafi, ya san abin da ya kamata bakin ya yi kafin ya yi, saboda haka ba neman gane magana ya ke yi ba, jiran saɓani ya ke yi. Na biyu, shi ne malamin nahawu na Madina a zamaninsa, ya san wuraren da mai karatu ya kan zame, inda a kan yi fataha a gurbin rufu'a, ma'ana ta juye. Duk alaramman da ya taɓa zaman darasu ya san wannan hali: allo yana zuwa hannunsa idonsa ya kan tafi kai tsaye wurin da gardawa suka saba faɗuwa.

Nafi'u bai jira mutuwarsa ba kafin ya ɗaga almajirinsa. Ran nan ya nuna masa cewa karatun da ya ke maimaita masa ya isa haka, ya umurce shi ya koma gindin wani ginshiƙi na masallaci ya zauna, shi zai riƙa aiko masa da masu karatu. Wannan ita ce ijazarsa, a gaban jama'a aka ba shi, a cikin masallacin Annabi. Ya ɗauki karatu kuma a wurin Isa ɗan Wardanu, marawaicin Abu Ja'afar, ya ji hadisi daga Muhammadu ɗan Ja'afar ɗan Abu Kasiri da Ibnu Abiz Zinadi. Da Nafi'u ya rasu, shugabancin karatu a Madina ya komo hannunsa. Bayan shekara goma, a 179, Imamu Maliku ya rasu, Ƙaluna yana nan a gindin ginshiƙinsa. A 197 Warshu ya rasu a Masar, yana nan dai.

Mutane suka yi ta yin takakka zuwa gare shi daga nesa. 'Ya'yansa biyu, Ahmadu da Ibrahimu, sun yi karatu a wurinsa. Abu Nashiɗi Muhammadu ɗan Haruna, wanda ya rasu a 258, da Ahmadu ɗan Yazidu Alhulwani, su ne hanyoyi biyu da ruwayarsa ta fi bi zuwa ga na baya, kuma Hulwani sau biyu ya yi tafiya zuwa wurinsa. Isma'ila Alƙali, babban Bamalike na Bagadaza, ya ɗauka daga gare shi. Haka Abu Zur'a na Rayyu, ɗaya daga cikin manyan masu tace hadisi. Haka Ahmadu ɗan Salihu na Masar, wanda ya haɗa karatu a wurin Warshu da Ƙaluna duka biyu.

Wannan Ahmadu ɗan Salihu, da aka tambaye shi game da hadisin Ƙaluna, dariya ya yi, ya nuna wa masu tambayar cewa su dai ba su zaɓen wanda su ke rubutawa daga gare shi. Imamu Zahabi ya kawo labarin, ya yanke cewa a fagen ƙira'a Ƙaluna tabbatacce ne, a fagen hadisi kuwa a na rubuta nasa a jumlace. Wannan hukunci ya nuna adalcin mutanen da. Ba su ɗaga shi a hadisi don tausayin kunnensa ba, ba su kuma rage masa a ƙira'a saboda shi ba. Ma'auni ɗaya suka sa masa da kowa, inda ya cika suka ce ya cika.

Ba shi kaɗai ba ne. Muhammadu ɗan Sirina na Basra, wanda ya rasu a 110, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, kunnensa da nauyi, amma Sha'abi ya kan tura masu neman ilmi wurinsa. Abul Abbasi na Naisaburi, wanda laƙabinsa ma Al'asammu ne, watau kurma, ya rasa ji bayan ya komo daga yawon neman hadisi, ya yi shekara saba'in da shida yana ba da hadisi, shekara saba'in yana kiran salla a masallacinsa, har ya rasu a 346. Fiƙihun Malikiyya ma bai jefar da kurma ba. Alƙalai sun san Muhtasar ya karɓi shaidar makaho a kan abin da aka faɗa, da shaidar kurma a kan abin da aka aikata, kuma ishara da a ke fahimta tana ƙulla ciniki da aure ga wanda ba ya magana. Fatake da dillalai na kasuwar Dambatta da ta Bici ba su bukatar a karanta musu wannan, kullum su na ciniki da kurame da maganar hannu, ba a cuci kowa ba.

Sai dai a wajen karatu ne a ke samun tawaya. A ƙauyukan arewacin Kano, yawancin kurame ba da kurumta aka haife su ba. Sanƙarau ne da ya kan zo da bazara, ko ƙyanda, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciwon kunne da aka bari ya ruɓe. A annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai, mutum fiye da dubu ɗari suka kamu a Nijeriya, fiye da dubu goma sha ɗaya suka rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai yara da dama da suka tashi ba ji. Irin wannan yaro sau da yawa ya riga ya iya magana, ya wuce babbaƙu da farfaru, wani ma ya yi nisa a izu. Da kunne ya tafi sai a ce masa bebe alhali yana magana, a jingine allonsa, a ba shi akuya ko jaki ya riƙa kai taki gona, wani kuwa a tura shi bara. Ba mugunta ke sa iyaye haka ba, zato ne cewa karatu ta kunne kaɗai ya ke shiga.

Alhali kuwa tsarin zaure ya fi kowane tsari dacewa da shi. Malami da almajiri fuska da fuska su ke zama, gwiwa kusa da gwiwa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Abin da za a biya yana rubuce a allo tun kafin a buɗe baki. Satu da ido a ke dubansa, gyaran darasu da alƙalami a ke yinsa. Abin da yaron ya ke bukata kaɗan ne: a zaunar da shi inda haske ya ke faɗa wa fuskar malam, kada malam ya rufe bakinsa da rawani, kada ya yi magana yana duban wani gefe, kuma a yi masa haƙurin maimaitawa.

Waɗanda suka bi ta boko su na da nasu dutsen hawa. A 1960 wani kurma baƙar fata daga Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, kuma ta hanyarsa maganar hannu irin ta Amurka ta shiga makarantun Nijeriya. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Yaron da ya taso daga Kunci ko Makoɗa da maganar hannu irin ta gida, wadda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a shekara ta 2000, in ya je makaranta sai ya tarar da wata daban, ya sake koyo. In Allah Ya taimake shi ya kai babbar makaranta, sai ya shiga zaure mai ɗaukar mutum ɗaruruwa, malami yana can nesa, yana magana ya juya baya yana rubutu a allon bango. A nan duban leɓɓa ba ya aiki, ga shi nassin ba ya cikin ƙirji kamar na Ƙaluna. Da yawansu da aron littafin abokai su ke rayuwa, su kwafe da dare abin da aka faɗa da rana, su riga kowa zuwa don su sami kujerar gaba, in an sami tafinta mai maganar hannu a gode Allah. Duk da haka su na gamawa, waɗansu har su na koyarwa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa, har da wajen karatu. Doka ta buɗe ƙofa, amma abin da Nafi'u ya yi, na ya san almajirinsa da kansa, ya zaɓa masa wurin zama, ya turo masa mutane, wannan aikin malami ne.

Game da ruwayar kanta, wanda kunnensa ya saba da Warshu zai ji ta fi gajarta da sauƙi. Inda Warshu ya ke jan madda har shida, Ƙaluna ya kan tsaya a tsakaici, a madda rababbiya ma yana da gajartawa. Hamzar da Warshu ya ke sauyawa a irin yuminuna, shi tabbatar da ita ya ke yi. Ba ya ɗauke wasalin hamza ya kai wa ɗaurin da ke gabanta, sai a wurare ƙalilan. Ba ya sirantar da ra mai fataha, ba ya kaurara lam bayan sadi da ɗa. Mimin jam'i yana da fuska biyu a wurinsa, ko a ɗaure ko a sadar da wawu. Ha ta huwa da hiya ya kan ɗaure ta in wawu ko fa ko lam sun gabace ta. Yana yin bisimilla tsakanin kowace sura biyu, ban da tsakanin Anfali da Bara'a. Imala kuwa kusan babu ita a wurinsa, cikakkiya a kalma ɗaya ce tak cikin Suratut Tauba. A nan akwai abin sha'awa ga masu rubutun ajami: ɗigon nan na ƙasa da a ke rubuta wasalin e da shi, a irin gero da bebe, daga imalar Mushafin Warshu aka aro shi. Da ruwayar Ƙaluna ce ta riga isowa ƙasar Hausa, da marubuta sun nemi wata dabara.

Ita kuwa ta tafi ta zauna a Libiya da Tunis da wani sashe na Muritaniya. Hanyar da ayari ya ke bi a da, daga kasuwar Kurmi ta Kazaure da Damagaram da Agadas zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya cinikin hamada, ita ce hanyar da ta haɗa ƙasar Warshu da ƙasar Ƙaluna. Ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani da ya yi salla a bayan limami a Sabha ko Tarabulus, ya ji an ɗaure ha, an sadar da mim, an taƙaita madda, kada ya yi gaggawar gyara wa liman. Karatun Nafi'u ne, ta bakin agolansa. Libiya ta buga Mushafinta a kan wannan ruwaya, haka ma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina tana bugawa, a garin da mai ruwayar ya zauna.

Malaman ƙira'a sun ba shi wani matsayi da ba a ba kowa ba. Ibnu Mujahidi na Bagadaza, wanda ya rasu a 324, da ya tattara makaranta bakwai, da Nafi'u ya fara saboda darajar Madina. Abu Amru Addani na Andalus, wanda ya rasu a 444, ya tsayar wa kowane imami marawaita biyu a cikin Taisiri, ya gabatar da Ƙaluna a kan Warshu. Imamu Shaɗibi, wanda shi kuma makaho ne, ya bi wannan jeri a cikin waƙensa mai baiti 1173, ya ba Nafi'u alamar alif, Ƙaluna ba, Warshu jim. Ibnu Barri na Taza ya tsara Durarul Lawami'i a kan su biyun. Saboda haka ɗalibin da ya zauna haɗa ƙira'o'i bakwai ko goma, galibi da fuskar Ƙaluna ya ke buɗe kowace aya, sa'an nan ya bi da sauran.

Ya rasu a Madina a shekara ta 220, daidai da 835 ta Miladiyya, zamanin Halifa Mu'utasimu, yana da shekara ɗari. Waɗansu sun ce a 205 ne, amma Zahabi ya ce wannan kuskure ne, Ibnul Jazari kuma ya ƙarfafa 220. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan malaminsa da almajiransa, amin.